Digirin kiɗa da waƙa: kuɗin da za a zuba zai dawo kuwa?

Nasiru Tudun Jukun:
Assalamu alaikum jama'ar gida, Allah ya sa mun wuni lafiya. Shawara nake nema kuma don Allah masu sani su faɗa min tsakani da Allah. Ƙanina Sadiƙ ya gama sakandare, sakamakonsa ya yi kyau alhamdulillah, to ga cike JAMB ya matso shi kuma ya kafe wai kiɗa da waƙa zai karanta a jami'a, digiri cikakke na shekara huɗu. Tun rasuwar mahaifinmu ni ke ɗauke da karatunsa, ni kuma ɗan albashin nan ne ba wani abu ba, ga iyali ga Hajiyarmu. Yaron yana da hannu a fiyano wannan ba na musu, duk wanda ya ji shi ya san baiwa ce, amma tambayata ɗaya ce, kuɗin da zan zuba zai dawo? Ko dai in lallashe shi ya ɗauki wani kwas ɗin ya riƙa kiɗansa a gefe?

Alhaji Garba Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Malam Nasiru ɗauko biro mu yi lissafi irin namu na kasuwa. Kwas ɗin nan dai barin gari zai yi, to mu ƙaddara ci da sha da sabulu da data da fotokwafi dubu 70 a wata, wata 9 a shekara, dubu 630 kenan. Ɗora rajista da kuɗin ɗaki da kuɗin mota zuwa da dawowa, mu ce dubu 250, ka ga shekara ɗaya ta tashi dubu 880, sau huɗu miliyan 3 da rabi har da ɗoriya, kuma ƙiyasina ne a farashin yau, ban sa tashin kaya ba ban sa ciwo ba. Shekara huɗun ma a takarda take, a 2022 ƙungiyar malaman jami'a ASUU ta yi wata 8 tana yajin aiki tun daga Fabrairu har Oktoba, yara na zaune gida haya na tafiya. Yanzu in ka ba yaron nan rabin kuɗin ya sayi kwamfuta da fiyano da makirfo da sola ya kama ɗaki, a shekara huɗun nan nawa zai tara? Amsar wannan za ka ajiye gefen digirin ka auna.

Habu Situdiyo:
Alhaji Allah ya ƙara girma, ni da nake cikin harkar bari in ce wani abu. Tunda na buɗe situdiyo ba a taɓa samun mawaƙi ko ango ko ɗan siyasa da ya shigo ya ce in nuna masa satifiket ba, abin da zai ce shi ne kunna min abin da ka yi in ji. In kiɗan ya shige shi ya biya kafin alƙalami, in bai shige shi ba ya tsallaka situdiyon gaba. Ni a hannun wani maigidana na koya, ina share ɗaki ina sayo man jannareta ina kallon yadda yake ɗora ganga a manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio har ya fara bar min kujera in ya fita sallah. Ɗakin nawa ma ba wani abu ba ne, soso ne a bango da kafet, in za a ɗauki murya sai an kashe fanka mawaƙi yana zufa yana rerawa, in jannaretan maƙwabci ya tashi sai mu jira. A haka ake samun na abinci, lokacin bukukuwa bayan sallah aiki har ya yi yawa, ango ya turo maka sunayen ƙawayen amarya da na gwaggonni a WhatsApp ka jera su a baiti. Amma kar a ɗauka kullum haka ne, akwai watannin da sai ka yi sati ba wanda ya ɗaga labule.

Alhaji Garba Sabon Gari:
To ka ji daga bakin mai ita. Ni dama abin da nake faɗa kenan.

Yakubu Wusasa:
Alhaji a yi haƙuri kar a rufe maganar tukuna, ni na yi digirin da ake magana a kai, a wata jami'a a kudu, kuma da shi nake ci har yau, bari in faɗi yadda abin yake ba ƙari ba ragi.

Da farko mutane na ɗauka zuwa za ka yi a koya maka yadda ake fitar da waƙar da za ta yi tashe, ba shi ake koyarwa ba. Za a koya maka karanta kiɗa a rubuce da rubuta shi, ka ji sauti da kunne ka zauna ka sa shi a takarda, ka haɗa muryoyi huɗu su tafi tare ba su yi karo ba, ka jagoranci ƙungiyar mawaƙa ko ta masu busa, ga tarihin kiɗan Turai da nazarin kiɗan Afirka, sannan dole ka riƙe abin kiɗa ɗaya da za ka ƙware a kansa ka hau dandali ka buga a gaban malamai a shekarar ƙarshe. Wahalar da ba a faɗa wa iyaye ita ce kayan aiki, a sashenmu fiyanon da ke aiki sosai ba su da yawa, sai ka yi asubanci ka kama layi, wanda ke da nasa a ɗaki shi ke wuce mu, saboda haka Malam Nasiru ka ƙara kuɗin abin kiɗa a lissafin Alhaji.

Kuɗin kuma ta ina yake shigowa? Ni dai ta hanya uku ne, kuma ba wacce ita kaɗai za ta riƙe gida. Ina koyarwa a makarantar kuɗi, ina horar da mawaƙan coci ina buga musu ranar Lahadi, sannan akwai gidajen da nake zuwa koya wa yara fiyano da yamma. Na farkon ba don takarda ba da ba a ɗauke ni ba, sauran biyun kuwa ko ba digiri in ka iya karanta kiɗa za ka samu. Abokan karatuna waɗanda suka fi ni samu duk Legas da Abuja da Fatakwal suke, inda manyan makarantu da manyan coci-coci ke biyan mai kiɗa albashi na gaske, wasu kuma sun bar harkar gaba ɗaya suna banki ko kasuwanci da digirin a matsayin digiri kawai. Sai dai in faɗa maka gaskiya a matsayin ɗan'uwa, ɗaya daga cikin hanyoyin nan uku ta coci ce, Sadiƙ kuma ba zai bi ta ba, to kasuwar da digirin ke buɗewa ta fi ƙunci a wajensa fiye da ni in dai a Zariya zai zauna.

Nasiru Tudun Jukun:
Malam Yakubu na gode ƙwarai, wannan maganar ta ƙarshe ban taɓa kawo ta a raina ba wallahi. Wace jami'a ce ma ke yin kwas ɗin a kusa? Shi jami'ar Nsukka yake ta ambato.

Dakta Sani Samaru:
Nsukka ba laifi ya ambace ta, sashen kiɗa na can tun 1961 yake, shi ne na farko a jami'o'in ƙasar nan. Akwai a Ife, akwai a Jos in ana neman kusa da gida. A Legas kuma akwai makarantar MUSON da ke ba da difloma ta shekara biyu, gidauniyar MTN ta daɗe tana ɗaukar nauyin ɗalibai a can, amma sai ka ci jarrabawar gwaji ta kiɗa kafin su kalle ka. A nan jami'ar ABU Zariya abin da ya fi kusa da burinsa shi ne sashen wasan kwaikwayo da fasahar dandali, ko kuma sashen harsuna da al'adun Afirka inda ake nazarin waƙar baka ta Hausa, ka ga waɗannan yana kwana a gida zai yi su, kuɗin ɗaki da na abinci sun sauka daga wuyanka, wanda shi ne kaso mafi tsoka a lissafin Alhaji Garba.

Kawu Isa Ƙofar Doka:
Ni duk wannan lissafin bai dame ni ba kamar abin da ba ku faɗa ba. Nasiru kai ɗana ne zan gaya maka, nan Zazzau ne, ranar da za a je nema wa yaron nan aure za a tambaya me yake yi, a ce makaɗi ne, ka san gidajen da za su ce a ba su lokaci su yi shawara, shawarar da ba a dawowa da amsa. Ga kuma maganar malamai a kan kayan kiɗa wadda kowa ya sani, akwai saɓani amma masu tsanantawa ba kaɗan ba ne a garin nan. Wannan ma asara ce ko da ba a rubuta ta da naira ba. Ya karanta abin da za a kira shi da shi a mutunta shi.

Malama Hauwa Kongo:
Kawu Allah ya ƙara lafiya, maganarku gaskiya ce ba a musa ta ba, amma ni a nan ne ma nake ganin takardar ke da amfani, domin wanda aka ce malamin makaranta ne ko jami'in al'adu a ma'aikata ko ma'aikacin gidan rediyo ba kallon maroƙi ake masa ba ko da kiɗan ya karanta. Kuma a aikin gwamnati ba a cika duba me ka karanta wajen ajiye ka a mataki ba, mai digiri mataki na 8 yake farawa mai NCE na 7, ko kimiyya ka yi ko kiɗa. Bautar ƙasa ma alawus ɗin dubu 77 ne ga kowa yanzu. Matsalar ita ce samun gurbin, mu a makarantarmu ba mu da malamin kiɗa kuma ba wanda ya taɓa cewa ana nema, abin da ake da shi darasin fasaha da al'adu ne a ƙaramar sakandare wanda ya haɗa zane da wasan kwaikwayo da kiɗa wuri ɗaya, shi ma sau da yawa malamin da ba shi da darasi da yawa ake ba wa. In koyarwa zai yi sai ya ƙara da diflomar koyarwa da rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai, wani kuɗin ne da wata shekarar.

Habu Situdiyo:
Kawu ai zamani ya ɗan canza, Mamman Shata fa ABU ɗin nan ce ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988, makaɗin kalangu, a nan Samaru.

Alhaji Garba Sabon Gari:
Yawwa Habu ka kawo min hujja da kanka. Shata aji nawa ya zauna? Jami'a ce ta bi shi da digiri ba shi ya bi ta ba. Haka makaɗan fada da muke gani a Hawan Daushe, masu tambari da kakaki da algaita, gado ne da zama gaban manya, wa ya biya musu rajista?

Dakta Sani Samaru:
Alhaji ka tsaya a rabin labarin. Gaskiya ne bai zauna a aji ba, amma ka ƙirga mutanen da suka rubuta kundin digiri na ɗaya da na biyu da na uku a kan waƙoƙinsa da na makaɗan fada da na noma da na maza, a nan Zariya da Kano da Sakkwato, da yawansu da wannan nazarin suka zama malaman jami'a suna karɓar albashi har fansho. To ka ga kiɗa ɗaya ya ciyar da mutum iri biyu, mai yi da mai nazari, kuma kowanne da hanyar da kuɗinsa ke biyowa. Mai yi jama'a ke biyansa, ba ruwansu da takarda. Mai nazari hukuma ke biyansa, ita kuma ba ta san komai ba sai takarda. Abin da ya kamata Malam Nasiru ya gano shi ne wanne Sadiƙ yake son zama, domin in burinsa a ji sunansa a waƙa ne to digirin ba shi ne zai kai shi ba, in kuwa yana iya zaman karatu har digiri na biyu da na uku to akwai fili babba, kiɗan Hausa da aka rubuta shi a rubutun kiɗa na zamani aka adana kaɗan ne, tsofaffin masu gurmi da garaya da kukuma suna ta rasuwa da abin da ke kansu. Sai dai wannan hanya doguwa ce, ba shekara huɗu ba ce, ta kusa goma kafin ka ce ka zauna.

Baba Sajan Mai Ritaya:
Ku yara kun manta da soja. Duk faretin yaye kurata da ake yi a Defo nan Zariya wa ke busa? 'Yan badujala ne, kuma albashi suke ci kamar kowane soja, da fansho. Rundunar soja tana da makarantar kiɗa tata a Ojo can Legas, 'yan sanda da sojan ruwa da na sama duk suna da nasu masu busa. Wanda ya shigo da digiri kuma ya iya karanta kiɗa yana iya neman shiga a matsayin hafsa ba kurtu ba. Gurbin ba shi da yawa kuma ba kullum ake buɗewa ba, amma hanya ce, in yaron yana da lafiya da tsayi a sa ta a lissafi.

Zainab A. daga Amurka:
Slm, Yaya Nasiru ina ta karantawa sai yanzu na tashi daga aiki. Wallahi muhawarar nan ko a nan ita ake yi, iyaye na kuka da ita. Makarantar Berklee da ke Boston kuɗin karatu kaɗai ya haura dala dubu 40 a shekara ban da ɗaki da abinci, yawanci da bashi ake yi kuma bashin nan da ruwa yake, bashin karatu a ƙasar gaba ɗaya ya wuce dala tiriliyan 1.6. Waɗanda na sani da suka karanta kiɗa a nan yawancinsu koyar da yara suke yi ana biyansu awa-awa, su buga a coci ko wajen biki a ƙarshen mako, wasu su haɗa da wani aikin daban. Bambancin kawai a nan iyaye sun saba biyan kuɗin koyon fiyano da goge irin na Turawa kamar yadda muke biyan kuɗin lesin na lissafi, to akwai kasuwar. Shi ya sa nake ganin kar Sadiƙ ya kalli bidiyon 'yan waje ya ɗauka haka abin yake a Tudun Jukun.

Nasiru Tudun Jukun:
Zainab ai kin taɓo inda yake, kullum yana YouTube yana kallon irin waɗannan. To batun bashin NELFUND fa, asusun gwamnati na ba ɗalibai bashin karatu, wani ya ce min in bar shi ya ci bashin ya biya da kansa.

Malama Hauwa Kongo:
Bashin NELFUND ba ruwa a kansa, an sa hannu a dokar a 2024, suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar gwamnati sannan su ba ɗalibi dubu 20 a wata, biya kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na abin da kake samu. Zai rage maka nauyi sosai amma dubu 20 ba za ta ciyar da saurayi wata guda a wani gari ba, kai ne dai za ka cika. Kuma ka tuna mafi ƙarancin albashi dubu 70 ne a doka, makarantun kuɗi da yawa a garin nan ko shi ba sa kai wa, in a irinsu ya ƙare to cire kashi goma ma sai ya ji a jikinsa.

Habu Situdiyo:
Bari in dawo don kar a ce na zuga yaro ya bar karatu, akwai inda rashin karatun ke cin mu kuma ina gani da idona. Kwanaki wata ƙungiya ta zo tana neman a yi mata taken taro, suka miƙo min takarda da kiɗan a rubuce da waɗannan alamomin masu kama da ƙugiya a kan layi biyar, suka ce haka suke so a buga, na juya takardar na mayar musu, aikin ya tafi Kaduna, kuɗin da ya fi na waƙar biki goma. Kiɗan da ake sa wa a ƙarƙashin fim mai tsada da talla na manyan kamfanoni duk masu wannan ilimin ke kwashewa.

Na biyu kuma maganar haƙƙin mallaka. Mu nan sai ka kwana kana haɗa kiɗa mawaƙi ya ba ka kuɗin aiki sau ɗaya ya tafi, waƙar ta yi tashe a TikTok da Audiomack, masu tura waƙa a waya a kasuwa su yi ta sayarwa, kai ko sisi, ba takarda ba yarjejeniya. Sai daga baya na ji cewa dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba wanda ya ƙirƙiri kiɗa kariya duk tsawon ransa har da shekara 70 bayan rasuwarsa, wato abin da jikoki za su ci muke sayarwa a kuɗin cefanen sati. Su kuma yara suna ganin kamar da ka sa waƙa a intanet kuɗi zai fara zuba, YouTube ba za su fara raba kuɗin talla da kai ba sai kana da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90, Spotify kuma sai 2021 ta shigo Najeriya kuma abin da sauraren ɗan Najeriya ke kawowa bai kai na ɗan Turai ba tunda kuɗin da muke biyansu a wata kaɗan ne. To in karatun zai sa yaro ya san waɗannan ya daina sa hannu a abin da bai karanta ba, ni ban ce asara ba ne.

Yakubu Wusasa:
Habu gaskiya ka faɗa, sai dai kar mu ɗora wa digirin abin da ba lallai ya bayar ba. Mu a lokacinmu darasin kasuwancin kiɗa ɗan taɓawa aka yi, haɗa sauti a kwamfuta kuwa a waje na koya wajen irinku. Ya danganta da sashen, shi ya sa kafin a biya ko kwabo ya kamata a je a gani da ido, a tambayi ɗaliban aji uku da aji huɗu ba malamai kaɗai ba, akwai situdiyo mai aiki? fiyano nawa ke tashi? waɗanda suka gama bara ina suke yanzu? In an kasa nuna maka ko mutum biyar da ke ci da abin to ka san amsar. Ni a ganina digirin kamar lasin tuƙi yake, ba shi ke koya maka tuƙi ba, amma akwai motocin da ba za a ba ka makullinsu ba sai da shi. Karanta kiɗa kuwa ba sai an je jami'a ba, akwai jarrabawar ABRSM ta Ingila da ake yi a nan Najeriya mataki-mataki har zuwa na 8, manyan makarantun kuɗi sun san ta suna kuma mutunta ta, kuɗinta bai kama ƙafar na digiri ba.

Alhaji Garba Sabon Gari:
To ai kun dawo kan maganata ta wata ƙofar. In ana iya samun ilimin da araha a gida, a samu takardar wani kwas ɗin a ABU yana kwana ɗakinsa, me zai kai mu kashe miliyan 3 da rabi?

Dakta Sani Samaru:
Abin da zai kai mu shi ne in yaron irin wanda zai yi nisa ne a fannin, Alhaji. Wanda aka tura kwas ɗin da ba ya so sau da yawa da sakamako mai rauni yake fitowa, ina ganinsu kowace shekara, shi ma ɗin asarar kuɗi ce kuma ba ta cikin lissafinka. Masu digirin lissafin kuɗi da na mulki nawa ne ke yawo da fayil a garin nan? Ba wai ɗaya kwas ɗin tabbas ne wannan kuma caca ba.

Kawu Isa Ƙofar Doka:
Dakta duk da haka mai fayil ɗin ana ba shi mata. Ni dai na faɗi nawa, kuma Nasiru kar ka yanke komai ba ka zauna da mahaifiyarku ba, ita ke da ɗa.

Nasiru Tudun Jukun:
In sha Allahu Kawu, ba zan wuce ta ba. Malam Yakubu wata tambayar, JAMB ɗin ma akwai darasin kiɗa a ciki ko? Domin shi bai yi shi a WAEC ba, makarantarsu ba a koyarwa.

Yakubu Wusasa:
Akwai shi a cikin darussan JAMB, amma kowace jami'a da sharaɗinta, wasu na karɓar wanda bai yi shi a sakandare ba in ya ci gwajin da sashen zai yi masa, sai a duba ƙasidar JAMB ta bana a ga abin da kowacce ta rubuta kar a dogara da ji-ta-ji-ta. Gwajin kuwa ba wasa ba ne, za a buga sauti a ce ka maimaita, a ba ka takarda a ce ka rera. Ka turo min shi ranar Asabar bayan la'asar, in ajiye masa takardar kiɗa a gaba mu fara daga do re mi, ba sai ka biya ba. Cikin wata biyu zan gaya maka ko yana da haƙurin wannan ɓangaren, domin da yawa masu hannu a fiyano da an ce su zauna su ƙirga bugu a takarda sai ka neme su ka rasa.

Habu Situdiyo:
Ni ma ya riƙa zuwa wajena Litinin zuwa Alhamis, akwai waƙoƙin biki da na karɓa ina neman mai buga fiyano, duk aikin da ya sa hannu zan ba shi kasonsa. Amma da sharaɗi Malam Nasiru, ka saya masa littafi ya riƙa rubuta duk abin da ya shigo da duk abin da ya fita har kuɗin mai da na Keke Napep, da ranakun da ba a yi ciniki ba, ƙarshen wata ku zauna ku duba tare da Alhaji Garba tunda shi ne mai biro.

Alhaji Garba Sabon Gari:
Na yarda, ku same ni a shago. Amma littafin ya kai har cikin azumi, kar a kawo min na watan bukukuwa kaɗai.